Yadda Tasalla Ta Sauka Zurfau da Gajeriyar Igiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda ya shimfiɗa ƙasa bai auna ta da sanda ba, ya ɗaga sama bai rataye ta da igiya ba, ya yanka wa kowane bawa tsawon hannunsa da tsawon kwanansa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ku matso kusa, 'yan'uwana mata, ku ma maza na bakin zaure ba a kore ku ba. Ni Tasalla, mai sayar da atamfa a garin Kurmin Shuni, zan ba ku labarin tafiyar da na yi zuwa birnin Zurfau, da abin da ya same ni tsakanin sama da ƙasa.

Ina da 'yar fari. Sunanta ba ya fita daga bakina, kun dai san al'ada, don haka ku yi haƙuri da "yarinyar". Allah ya haɗa aurenta da wani fataken gishiri, mutumin Zurfau, ya ɗauke ta ya tafi da ita can. Shi Zurfau birni ne da ke ƙasan wani makeken rami, wanda in ka tsaya a wannan baki ba ka hango wancan. Rana ba ta leƙa su sai da tsaka, ta gaishe su ta wuce. Ba ƙofa, ba hanya, ba matakala. Da kwando ake saukar da mutum, kuma dokarsu ita ce kowane baƙo ya zo da igiyarsa. Da zarar ruwan farko na damina ya sauka, wata iska ke tashi a cikin ramin tana juyi, daga nan ba a sake saukar da kowa sai kaka ta yi.

Wata safiya ina tsakar gida ina hura wuta, sai ga wani koren aku ya sauka a kan zana. Ya karkata kai ya dube ni, ya buɗe baki, sai na ji muryar yarinyar sak, har da 'yar shaƙewar nan da take yi in ta so kuka.

"Inna, watana ya kusa. Sun ce kwando ba ya ɗaukar rai biyu, ba za a hau da ni in zo gida haihuwa ba. Inna, ki zo. Ki taho da igiyarki, gaba ɗari da ashirin. Ki zo kafin ruwa, Inna, ban san kowa ba a nan."

Na ce wa maƙwabciyata hayaƙi ne ya shiga mini ido. Ta ce ai kuwa itacen bana ɗanye ne.

Haihuwar fari, a baƙon wuri, ba uwa a kusa da za ta ɗora ruwan wanka ta dama kunun kanwa? Ban kwana biyu ina shawara ba. Na ɗaure kanwa da yaji da daddawa da busasshen ƙauri, na zaɓi atamfa turmi goma daga cikin mafi kyawun hajata don fitar suna, na naɗe tabarmar sallata. Sai maganar ɗan rakiya. Mahaifinta ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, don haka na aika wa Nomau, ɗan kawuna, taubashina, dogon mutum kamar giginya, mai baki kamar reza, mai tsoro kamar kaza.

Ya zo ya tsaya a kaina yana dubana daga sama. Ya ce, "Guntuwa, ke ce za ki Zurfau? Ai ba sai an sayi igiya ba. A sa ki cikin guga a zura."

Na ce, "Dogo, kama jakin mu tafi. In mun isa sai in kama ƙafarka a zura ka, mu huta da sayen igiyar."

Muka kama hanya. Muka ƙetare tafkin da ake hayewa a kan manyan goruna, muka shiga dajin da bishiyoyinsa ba sa zama wuri guda, suna bin laima duk inda suka ji ƙanshinta. An gaya mana tun a bakin dajin, amma Nomau ya ce tatsuniya ce. Da muka tsaya sallar azahar ya ɗaure jakin a jikin wata tsamiya. Muna sallamewa, sai muka hango tsamiya can tana tafiya a hankali, saiwoyinta na jan ƙasa, jaki na biye da ita da atamfata da komai. Nomau ya bi ta da gudu yana yi mata rantsuwa, ita kuwa ko a jikinta. Ni dai na kwance salkar ruwanmu, na riƙa ɗiga shi a ƙasa ina ja da baya. Tsamiya ta tsaya, ta karkaɗa ganye, ta juyo ta biyo ni kamar akuyar da ta ga dusa, har ta kawo mini jakina gabana.

Nomau ya dawo yana haki. Ya ce, "Ai ni na koro ta."

Na ce, "Na gani. Sannu da aiki."

Daga nan muka isa birnin Tufkawa, inda ake tufka igiyar da duk duniyar can ke amfani da ita. Titunansu dogaye ne miƙaƙƙu, ba kwana, domin a kansu ake shimfiɗa aiki. Mutanen garin kuwa, saboda mai tufka da baya-baya yake tafiya, sun saba har ba su iya tafiya gaba ba. Da baya suke zuwa kasuwa, da baya suke raka baƙo, amarya ma da baya take shiga ɗakinta. Sai ka ga mutum yana nisa da kai yana yi maka maraba.

Aka kai mu gaban Sarkin Tufka, wani tsoho mai tafin hannu kamar fatar kada. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina son igiyar rama mai ƙarfi, gaba ɗari da ashirin.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Baiwar Allah, a nan ba ma sayar da igiya da gaba. Gaba ai buɗewar hannu biyu ce, daga kan wannan yatsa zuwa wancan, kuma hannun kowa daban. Kakanninmu sun sha rigima a kan haka, mai saye ya zo da dogon ɗan'uwansa, mai sayarwa ya fito da gajeren ƙanensa. Shi ya sa muka ƙera wannan." Ya nuna wata sandar ƙarfe da ke rataye a jikin ginshiƙi. "Yadi ke nan. Ba ya girma, ba ya tsufa, ba shi da ɗan'uwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yadi ai sana'ata ce. Amma saƙon da gaba ya zo mini."

Ya ce, "Wannan mai sauƙi ne. Kai dogo, zo nan, buɗe hannuwanka."

Nomau ya buɗe. Aka ɗora sandar daga yatsansa zuwa tsakiyar ƙirjinsa, aka juya ta zuwa ɗaya yatsan. Sau biyu cif, ba ragi ba ƙari. Nomau ya dubi jama'a yana murmushi kamar shi ya halicci hannuwan.

Sarkin ya ce, "Kin gani? Gabar cikakken namiji yadi biyu ce, haka muka tsayar. In an ba ki gaba, ki ninka, kin sami yadi. In an ba ki yadi, ki raba biyu, kin sami gaba. Naki ɗari biyu da arba'in ke nan."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, a gwada ta Guntuwa mana, mu ga ko za ta kai yadi ɗaya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gwada harshensa, ina jin shi kaɗai zai kai ni Zurfau."

Tsohon ya yi dariya har da tari. Su Tufkawa ba su taɓa ɗanɗana daddawa ba, don haka da na yi wa gidan sarkin miyar kuka da ita, ya ce rabin ƙullin daddawata ya isa ladan igiya. Aka tufka mini ita ina kallo, mutum biyu suna murɗawa, ɗaya yana ja da baya, aka auna ta da sandar ƙarfe a gabana. Muka ɗora wa jaki muka fita, masu rakiya suna ɗaga mana hannu suna matsowa ta baya.

Ranar da muka isa bakin ramin Zurfau, gabas ta riga ta fara haɗa gira. Na dubi hadarin, na dubi ramin. A bakin akwai wani ƙaton gungume da ake naɗe igiya a jikinsa, raƙuma suna juya shi. Masu kula da shi ba Zurfawa ba ne, mutanen tudu ne irinmu. Suka karɓi igiyata suka fara naɗewa.

Na ce wa babbansu, "Malam, ba za ka auna ba?"

Ya kama baki. Ya ce, "Subhanallahi! A auna igiyar baƙo? Ai kamar a ƙirga masa loma ne. Ba ma yi."

Nomau ya leƙa ramin sau ɗaya, ya ja da baya ya zauna daɓas. Ya ce shi ya ga raƙuman nan ba su da tarbiyya, gara ya tsaya a sama ya sa musu ido saboda lafiyata. Babban masu gungumen ya ce kada in damu, bangon ramin yana miƙa magana, in na yi kira daga ko'ina za a ji ni a sama kamar muna ɗaki ɗaya.

Na shiga kwando da kayana, na yi bisimilla, na karanta abin da na iya. Aka fara zura ni. Na wuce tsuntsaye masu sheƙa a bango suna kallona kamar na zo karɓar haraji. Na wuce wani ruwa da ke fitowa daga dutse yana zuba, bai kai ƙasa ba yake zama hayaƙi. Haske ya riƙa raguwa yana komawa shuɗi-shuɗi. Can sai na fara hango birnin a ƙasa, rufin gidaje kamar an kife ƙananan ƙore, hayaƙin girki yana tasowa. Na ce alhamdu lillahi.

Sai kwando ya tsaya cak.

Na jira. Na ce, "Nomau, ku ci gaba mana!"

Muryarsa ta gangaro ta bango. "Guntuwa, igiya ta ƙare. Kin isa?"

Na leƙa ƙasa. Mutanen birnin kamar tururuwa. Na ce, "Ban isa ba!"

"To ki yi tsalle."

Kafin in ba shi amsar da ta dace da shi, sai na ji an ce, "Maraba, maraba! Sannu da zuwa! Da nono za a dama ko da ruwa?" Na waiga. Ashe daidai inda na tsaya wani faffaɗan dutse ya turo kai daga jikin bango kamar leɓe, kuma a kansa akwai unguwa sosai: 'yan bukkoki, rumfar mai shayi, kaji, har da ɗan masallaci. Wata mace mai jiki, da ludayi a hannu, ta sa wata doguwar ƙugiya ta jawo kwandona ta sauke ni.

Ta ce, "Ni ce Dubu, ni ce magajiyar nan. Ɗari biyu da arba'in, ko?"

Na ce, "Ya aka yi kika sani?"

Ta ce, "'Yar'uwa, duk wanda kika gani a nan ɗari biyu da arba'in ne ya kawo shi. Nan ce Unguwar Saura Kaɗan. Ni bikin ƙanwata na zo, yanzu 'yarta ma ta yi aure. Kunyar komawa gida ta hana ni hawa, na ga kuma wurin da ciniki, kullum Allah yana jefo mana baƙo."

Na ce, "Amma Sarkin Tufka da kansa ya auna! Gaba ɗaya yadi biyu!"

Ta ce, "Bai yi ƙarya ba. Zauna ki sha fura, ga amsarki nan tafe."

Na ɗaga kai, sai ga wani kwando yana saukowa can nesa da dutsen, da wani Bazurfe a ciki yana dawowa daga fatauci. Bai tsaya ba. Ya dai ce, "Dubu, a miƙo ta yau," sai ya zaro hannu daga cikin riga. Jama'a, hannu ya yi ta fitowa kamar ana zare tsumagiya daga dami. Ya ƙetaro sararin nan, ya ɗauki ƙwaryar fura daga gaban Dubu, ya ajiye mata curin gishiri.

Dubu ta ce, "Kin gani? Tun kakanninsu suke ciro gishiri daga kogunan bango, hannuwansu suka miƙe. Gabar Bazurfe yadi uku ce. In ya ce miki ɗari da ashirin, ɗari uku da sittin yake nufi. Su a ganinsu hannun kowa haka yake, mu ne muke noƙe namu don kunya." Ta dube ni da kyau. "Wa kike da shi a ƙasa?"

Na ce, "Yarinyata ce ke aure can."

"To ke ba ki taɓa ganin surukinki ba?"

Na sunkuyar da kai. Ina zan gan shi? Mijin 'yar fari! In ya shigo ta ƙofa ni na shige ƙurya. Gaisuwarmu daga bayan labule ce, shi yana tsugune yana kallon ƙasa, ni ina kallon bango. Na san muryarsa, na san takalmansa da yake cirewa tun daga zaure, amma ko a kasuwa muka haɗu ba zan shaida shi ba.

Sai muryar Nomau ta sauko. "Af! Maganar hannuwan surukinki Bawale kuke yi? Ai ni na gani. Ranar ɗaurin aure yana zaune a bakin zaure ya miƙa wa liman goro a can ƙurya, bai ko ɗaga ba."

Na ce, "Nomau! Kana tsaye aka auna ka da sanda, ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "Ni aka auna, ba shi ba. Kuma ba ki tambaye ni ba."

Na yi wa Bazurfen nan kira kafin ya yi nisa, na ce don Allah ya gaya wa gidan mai gishirin da ya auro daga Kurmin Shuni cewa baƙuwarsu tana Saura Kaɗan. Sannan na juya ga Dubu na ce ta sayar mini da igiya.

Ta ce, "Haba 'yar'uwa. In muna sayar da igiya, wa zai zauna ya sha fura? Ko ɗaya ba ma ajiyewa. Ki sa a ja ki sama ki koma Tufkawa, ko ki zauna da mu zuwa kaka. Akwai ɗaki. Akwai ma wani mai shayi da matarsa ta rasu, mutumin kirki."

Aka yi tsawa can sama. Komawa Tufkawa da dawowa, ai kafin nan damina ta yi nisa, yarinyar ta haihu ta yi arba'in a hannun baƙi. Na tambayi alƙibla, na shimfiɗa tabarmata na yi la'asar. Da na sallame na zauna ina jan carbi, idona ya faɗa kan ƙullin atamfa.

Abin da ya rage mini yadi ɗari da ashirin. Turmi guda yadi shida ne, wannan ko cikin barci aka tashe ni na sani. Turmi goma, sittin. In na tsaga kowanne biyu ta tsawonsa, ɗari da ashirin.

Ku da ba ku sayar da atamfa ba, ba za ku san abin da na ji ba. Akwai mai ganyen gwanda, akwai mai zabi, akwai wata shuɗiya da na hana matar hakimi don na ajiye wa yarinyar ta ɗaura ranar suna. Na sa haƙori na ɓalla bakin ta farko, na rufe ido na ja. Ƙarar yagewarta har cikin haƙarƙarina.

Dubu ta dafe ƙirji. "Ke! Sabuwa dal! Wace irin haihuwa ce wannan?"

Na ce, "Ta fari ce. Kuma ta ce ba ta san kowa ba a can."

Dubu ta dubi atamfar. Sai ta ajiye ludayi ta ce, "Miƙo bakin nan in riƙe miki. Kai mai shayi, taso, ba kallo aka zo yi ba."

Muka tsaga su duka. Na nuna musu yadda na ga Tufkawa suna yi, biyu suna murɗawa, ni ina ja da baya, har kowane tsagi ya zama kamar igiya. Muka ƙulla su baki da baki, ƙullin da ake yi wa goyo. Muka ɗaure ɗaya ƙarshen a bakin igiyata, ɗayan a kwando. Na ce wa Nomau su naɗe sama har atamfa ta miƙe, sannan su sake zurawa a hankali.

Ya ce, "Atamfa? Guntuwa, in kin faɗi me zan ce wa dangi?"

A muryarsa na ji ba wasa yake ba. Na ce, "Ka ce musu raƙuman ne ba su da tarbiyya. Ku ja!"

Dubu ta cusa mini curin fura a kwando, ta ce na mai jego ne, ta tura ni da ƙugiya. Na sake lilo a sarari, rataye da ganyen gwanda da zabi. Birnin ya riƙa matsowa. Na fara rarrabe mutane, na fara jin kukan awaki, na ga dandalin da ake sauka cike da jama'a sun ɗaga kai. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo mini a goshi.

Kwando ya sake tsayawa.

Na manta murɗi yana cin tsawo, ƙulli ma yana cin nasa. Tsakanina da ƙasa saura kamar tsayin ɗaki biyu. In na yi tsalle, ni da ƙafafuna sai dai wani labarin. Iskar da ake faɗa kuwa ta fara, kwando ya soma kai da kawo, na ji wani ƙulli a sama yana ƙara kamar ƙofar da ba a shafa wa mai ba.

Wata tsohuwa a ƙasa ta ɗaga murya. "Sannu da hanya! Ni ce uwar mijin 'yarki. Kada ki ji tsoro, duk Zurfau ba mai hannun ɗana. Bawale, hau katangar nan ka sauko da ita!"

Na ga wani mutum ya hau katangar dandalin. Na gane takalman da ya bari a ƙasa. Na yi maza na ja mayafi na rufe fuska. Shi ma ashe ya juya mini baya yana kallon bango.

Na ce, "Yaya, ki ce masa ya sauka. A nemo wani."

Ta ce, "Ba wanda zai kai sai shi."

Ya ce, cikin wata 'yar murya, "Iya, ki ce musu... ki ce musu sannu da zuwa. Ki ce musu ni ba zan iya ba."

Tsohuwar ta ce, "Yau na ga ta kaina! Ita ta rufe ido, shi ya ba da baya, ga hadari a ka! Kai, surukarka ce za ta faɗo!"

"Shi ya sa, Iya."

Jama'a suka kwashe da dariya, ni kuwa ba ta dariya nake ba. Ni Tasalla, surukina ya ɗauke ni cak a gaban mutanen gari kamar 'yar tsana? Da wane ido zan sake amsa gaisuwarsa? Amma ƙullin nan na sama ya sake ƙara, kuma a wani gida cikin waɗannan akwai yarinyar tana jira.

Na ce, "Yaya, ki tambaye shi, kaya fa? Yana iya sauke kaya?"

Ta tambaya. Ya ce kaya ai aikinsa ne.

Na ce, "To ga kaya nan. Kanwa!" Na miƙa ƙullin ta gefen kwando. Hannu ya taso, shi bai ɗago kai ba, ya karɓa ya miƙa ƙasa. "Yaji!" Ya karɓa. "Daddawa! Ƙauri! Fura!" Duk ya karɓa. Sai na warware tabarmar sallata, na tsaya a bakinta, na naɗe kaina a ciki tun daga ka har ƙafa, na jingina da gefen kwando, na yi salati, na ce, "Tabarma!"

Sai na ji hannuwa biyu sun kama tabarma da ladabi, ɗaya ta kafaɗa ɗaya ta gwiwa, aka ɗaga ta, aka yi ƙasa da ita a hankali kamar ana sauke ƙwai, aka jingine ta da katanga a tsaye.

Ya yi gyaran murya. Ya ce, "Iya, ki tambaya ko tabarma ta sauka lafiya."

Na ce daga ciki, "A ce masa tabarma ta gode. Allah ya yi masa albarka."

Ban rufe baki ba sama ta ɓalle. Iska ta fizgi kwandon da na fito ta maka shi da bango, atamfata ta yi ta kaɗawa a sararin Zurfau kamar tutar biki. Ta cikin ruwan na ji muryar Nomau yana ta kiran sunana na gaskiya, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara. Na ce, "Dogo, na isa! Ka koma da jakin, kada ka ɗaure shi a jikin komai!"

Uwar mijin ta warware ni tana dariya har da hawaye, ta kama hannuna muka ruga cikin ruwa. A hanya take gaya mini ai tun da hantsi aka sauka, namiji ne.

Na shiga ɗakin a jiƙe sharkaf. Tana kwance a kan gado, ta rame, idanunta sun yi zuru-zuru. Ta yunƙura ta ce, "Inna."

Na dubi bango. Na ce, "Wane irin gida ne wannan, mai jego kwance ba a ɗora ruwa ba? Ina babbar tukunya? A samo mini ganyen wanka, a jiƙa kanwar nan."

Ta ce, "Inna, kin zo."

Na ce, "Atamfar suna dai sai haƙuri, tana can tana shan iska."

Tana dariya tana kuka. Ni kuwa na duƙa na ɗauki jaririn, don shi ba kunya tsakaninmu. Na ce, "Kai ne mai gidan nawa? Kai ne ka sa na bi tsamiya, na yaga hajata, na zama tabarma? To bari in gaya maka, tun ranar da aka ɗauke mini wata daga gidana ban ci tuwo ya yi mini daɗi ba. Kullum na yi salla sai na ambace ta kafin in ambaci kaina. Ka gaya mata, in ka ga dama."

Ruwa yana ta ƙara a kan rufi. Mai gidan nawa ya yi hamma, ya yi miƙa, ya zaro 'yan hannuwansa daga cikin zane, ya kama kunnuwana duka biyu a lokaci guda, ya riƙe gam.

Na ce, "Yaya, zo ki karɓi jikanki, ruwa zai tafasa."

Nan hikayata ta tsaya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, inda na ƙara gishiri kuwa, a yafe mini, daga Zurfau na taho da shi. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana abin da aka haifa, ya sa mu cika da imani.